Baffa Sale Mai Haƙa Kabari

Ranar Talata ce a tsakiyar bazara, shekara ta huɗu da hawan soja mulki, ina da shekara goma sha ɗaya. Rana ta take tsaka, irin ranar Omdurman da ko akuya sai ta bi gindin katanga take tafiya, amma kakata tana zaune a tsakiyar layinmu a kan 'yar kujerar tsuguno, ba inuwa, ba takalmi. A gabanta akwai angarib, gadon igiyar nan da kowane gida yake kwana a kai, an lulluɓe shi da jar tabarma. A ƙarƙashin tabarmar gawar ɗanta ce, Baffa Sale, ƙanen mahaifina, wanda ya cika tun da hantsi. An yi masa wanka, an sa masa likkafani, kabari ma a haƙe yake yana jira. Abu ɗaya ya rage, a sami maza huɗu su kama ƙafafun gadon su kai shi maƙabarta. Layi guda cike da gidaje, kuma da wuya ka nuna gidan da Baffa bai taɓa haƙa wa kabari ba, amma aka rasa maza huɗu. Ina tsaye a bakin ƙofarmu ina kallon ƙofofin maƙwabta duk a rufe, ina kuma hango idanu ta hudojin langa-langa. Yau fiye da shekara talatin ke nan, amma in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Mu Hausawan Omdurman ne, jikokin waɗanda suka taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji, suka sauke farali, a hanyar komawa guzuri da ƙarfin gwiwa suka ƙare musu a bakin Nilu, suka zauna. A nan aka haifi mahaifina, a nan aka haifi nasa mahaifin, amma in ka shiga kasuwa har gobe Fallata ake ce maka, wato baƙo. Gidanmu na laka ne mai faɗin tsakar gida, da darbejiya guda, da akurkin tantabaru a kan ɗakin girki, da awaki biyu da suka fi son littafin makaranta a kan dusa. Kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda 'ya'yan Larabawa suke kiran tasu, ita ce mai gidan ta gaskiya, Baba sunan kawai yake amsawa. Aikina na kullum uku ne: in bi layin burodi da sassafe kafin makaranta, in hura wa Inna, mahaifiyata, wutar da take yin kisra, wato wainar dawa mai faɗi, in cika randunan sabil biyu da ke ƙofar gida, waɗanda ake ajiye wa mai wucewa ya sha ya yi gaba. In na gama sai carafke da 'yar gala-gala a layi, ni da ƙawata Hawwa, har a kira magariba a koro mu da tsintsiya. Randunan nan Habboba ce ta ajiye su sadaka ga mijinta da ya rasu, amma Baffa Sale ne yake kankare musu gansakuka duk ranar Juma'a, daidai lokacin da sauran maza suka tafi masallaci.

Domin Baffa ba ya zuwa masallaci, a ɗaki ma ba ya salla, kuma ba wani asiri ba ne, duk layin an sani. Da can ma'aikaci ne a wata masaƙa a Bahri, ƙetaren kogi, ya shiga harkar ƙungiyar ma'aikata, ya karanta littattafan da Habboba take cewa su suka cinye mata ɗa. Da soja suka hau aka kore shi tare da wasu da yawa ba tare da an faɗa musu laifinsu ba, sai ya dawo gida ya kama saƙar angarib a ƙarƙashin darbejiya. Dogo ne siriri, kullum da guntun fensir a bayan kunne, bai taɓa aure ba, yana cewa ba zai haɗa 'yar mutane da ciwon kai ba. In ya gama saƙa gado sai ya kira ni in hau in yi ta tsalle, ya ce in gadon ya tsira daga hannuna to zai ɗauki kowace irin Hajiya. Shi da Habboba kuwa suna da wani faɗa da ba ya tsufa. Duk kiran salla sai ta leƙo ta ce, "Sale, an kira." Shi kuma ya ce, "Na ji, Inna, yau muryarsa ta fi ta jiya daɗi." Ta jefe shi da mafici ko takalmi, ta shiga ta yi sallarta, ta daɗe a sujada fiye da kowa. In ta sallame ta dafa shayi, kofinsa ne yake fin na kowa sukari. Ina ƙarama na ɗauka haka kowace uwa take gaisawa da ɗanta.

A unguwarmu ba a biyan mai haƙa kabari, mazan layi ne suke yi, kuma ƙasar maƙabartarmu tsakuwa ce zalla, in ka sara diga sai ta yi tartsatsi. Maza da yawa sukan je, amma yawancinsu tsayawa suke a baki suna ba da shawara. Baffa ne mai shiga. In aka yi rasuwa, kafin a sanar da liman an buga ƙofarmu, an miƙo masa karan da aka auna tsawon mamacin, ya ajiye igiyar da ke hannunsa ko da saura kaɗan ya gama gadon, ya saɓa diga da shebur ya tafi. Shi kaɗai ya iya yanka ƙaramin ramin nan na ciki inda ake kwantar da mamaci, ya fitar da shi sumul, daidai kafaɗa, fuska na kallon alƙibla. Mutumin da bai taɓa fuskantar alƙibla don kansa ba, babu wanda ya kai shi sanin inda take. Da bazara kuma yana da wata al'ada tasa: kullum sai ya bar kabari ɗaya a haƙe a ajiye, ya rufe bakinsa da tsohon langa-langa, don ya ce gawa ba ta iya jiran diga a wannan zafi. Da an sa wani a ciki, washegari ya koma ya haƙa sabo. Ba ya tsayawa a sahun jana'iza, yakan koma gefe ya zauna a kan shebur ɗinsa har a sallame, sannan ya sauka ramin ya karɓi gawar. Shekara da shekaru ba wanda ya ce masa kanzil, don kowa ya san ranarsa tana zuwa.

Ina aji huɗu aka kawo mana wata sabuwar malamar addini. Lokacin makaranta ta fara canzawa, taron safe ya zama kabbara da waƙoƙin yaƙi, mu 'yan mata muna jere a rana muna ɗaga yatsa sama har hannu ya sage. Malamar nan ta kwashe darasi guda tana kwatanta mana azabar wanda ya bar salla, tun daga kabari har wuta, ba ta rage komai ba. Na dawo gida ko abinci ban ci ba, na sami Baffa yana jan igiya, na tsaya a kansa na ce, "Baffa, wai da gaske kai ba ka yarda akwai Allah ba?" Bai yi min dariya ba, bai kuma kore ni ba. Ya zare fensirin daga kunne ya juya shi a hannu, sannan ya ce, "Na nema iyakar nemana ban samu ba, Amna, kuma ba zan tsaya a sahu in yi wa mutane ƙarya ba. Amma ke kada ki ari rashin samuna. Je ki yi sallarki." Na ce to in haka ne me ya sa yake wahalar da kansa da haƙa kabari, tunda ba ya sa ran lada. Ya ce, "Don wanda ya mutu ba ya iya haƙa wa kansa." Ya mayar da fensirin ya ci gaba da aikinsa, ni kuma na je na yi salla har da nafila, na roƙi Allah ya bari Baffa ya same shi.

Wanda ya zo ya hana a binne shi ba wani baƙo ba ne. Audu ne, ɗan Ladi mai ƙosai, gidansu yana kallon namu, kuma an ce Baffa ne ya koya masa hawan keke. Ya je jami'a a Khartum ya dawo da gemu da jakar hannu, ya zama Ustaz Abdallah, ya kuma daina jin Hausa kwatsam. In uwarsa ta yi masa ita a gaban mutane da Larabci yake amsa mata. A azumin farko bayan hawan soja mahaifinsa ya rasu, aka kuma yi rashin sa'a an sa wani a kabarin ajiya kwana ɗaya kafin nan. Baffa ya shiga rami tun hantsi bai fito ba sai bayan azahar, leɓɓansa duk sun tsage. Ya zauna a gindin katangar maƙabarta, ya ɗaga butar ruwan da aka kawo don kwaɓa laka, ya sha a gaban jama'a. Audu yana tsaye yana kallo. Aka sa ubansa a ramin nan, aka rufe, aka yi addu'a, amma shi abin da ya ɗauko ya dawo da shi gida ruwan butar ne.

Ba a jima ba gwamnati ta kafa kwamiti a kowace unguwa, wanda ake ce wa lajna, aka ba Audu shugabancin namu, ya kuma ture tsohon limaminmu ya karɓi makullin masallaci. Abu biyu ne a hannun lajna: katin rabon sukari, da shaidar zama a unguwa, wadda sai da ita ake samun jinsiyya, takardar ɗan ƙasa. Ga Balarabe wannan takarda ce kawai. Gare mu kuwa ita ce aiki, ita ce jami'a, ita ce ke hana a loda ka a mota a ce ka koma inda kakan kakanka ya fito. Baba direba ne a wata ma'aikata, an ce musu duk wanda bai kawo ta ba za a sallame shi, kuma takardunsa sun fi shekara a jakar Audu suna jiran sa hannu. Rabin mazan layin haka suke. Sai da na girma na gane wani kuskure da mutanenmu suka daɗe suna yi. Tunda an ce mu ba 'yan ƙasa ba ne, sai muka riƙe cewa ai mun fi kowa addini, mu ne jikokin alhazan ƙafa, wannan ce takardarmu da ba wanda zai ƙwace. Saboda haka Bahaushen da ba ya salla, a ganinsu, takardar kowa yake yagawa. Sun yi haƙuri da shi muddin suna buƙatar digarsa.

Zazzaɓi ne ya kwantar da Baffa kwana uku, ranar Talatar nan da hantsi ya cika, kansa a kan cinyar Habboba. Ba ta yi kururuwa ba. Ta shafe masa ido, ta tashi ta buɗe akwatinta na ƙarfe, ta ciro likkafanin da ta jiƙa da ruwan Zamzam shekarar da ta je Makka, wanda ta fi shekara ashirin tana ajiye wa kanta. Baba ya ce, "Inna, wannan ai naki ne." Ta ce, "Na sani." Baba ya yi masa wanka, aka shimfiɗa tabarmi a waje, maza suka fara taruwa kamar yadda aka saba, takalma suka cika bakin tabarma. Baba ya tafi masallaci don ya ɗauko angarib ɗin da ake ɗaukar gawa, wanda Baffa ne ya saƙa shi kyauta, ya tarar da ɗakin ajiya a kulle. Kafin ya dawo lasifika ta yi ƙara, muka ji muryar Audu da Larabcin nan nasa na jami'a, yana cewa mamacin ya fita daga addini, ba a yi masa salla, ba a binne shi cikin Musulmi, kuma lajna za ta rubuta sunan duk wanda ya bi gawar. Ina leƙe ta ƙofa ina kallon takalman nan suna raguwa. Wannan ya tuna bai ɗaure akuya ba, wancan ya ce bari ya kewaya ya dawo. Kafin azahar tabarmin sun zama wayam, sai butar alwala guda da wani ya manta.

Baba ya shigo ya tsuguna a gaban Habboba, kansa a ƙasa. Ya ce, "Inna, mu bari rana ta yi sanyi in nemo mota, mu fita da shi yamma da gari mu rufe shi a daji, ba hayaniya." Ta dube shi ta ce, "Kamar mushen jaki ke nan, Usman? Nono ɗaya kuka sha." Sai ya fashe da kuka, karo na farko da na ga hawayensa, yana cewa takardunsa suna hannun yaron nan, in aka kore shi daga aiki me yara za su ci. Ni ce yaran da ake magana a kansu, kuma na ji kamar in ce masa na yafe abincin. Na daɗe ban yafe masa wannan tsugunon ba, ko da yake yanzu da nake da nawa 'ya'yan na san abin da ya danne shi. Habboba ta sa Inna da matan da ke ciki suka ɗora gawar a kan nata gadon, suka rufa jar tabarma, suka ja shi har tsakiyar layi, ta ɗauko 'yar kujerarta ta zauna a rana.

A nan na faro wannan labari. Sai Habboba ta ɗaga murya da Hausa tsantsa, yadda kowane gida zai ji. "Kai Tanko mai nama, wa ya shiga ramin uwarka? Isa tela, 'ya'yanka biyu na shekarar ƙyanda, wa ya haƙa musu? In hannun Sale najasa ne, to, ku ɗauki diga ku je ku tono naku ku sake musu wuri mai tsarki. Ni ina nan zaune." Haka ta bi layin da baki gida gida, tana kiran mai gida da sunansa da sunan mamacinsa, ba ta tsallake kowa ba, har jariran da ba a raɗa wa suna ba tana tune da su. Na rantse na ɗauka kafin ta kai ƙarshen layin za a fito. Ko ƙofa ɗaya ba ta motsa ba. Ƙudaje suka fara sauka a kan tabarmar, na ɗauko mafici na tsaya ina kore su, irin maficin da take jifan Baffa da shi.

Ƙofar da ta fara buɗewa ita ce wadda ba mu zata ba. Ladi mai ƙosai ta fito, uwar Audu, ta ɗaure mayafinta a ƙugu kamar za ta daka, ta zo ta kama ƙafar gadon ɗaya. Ta ce, "Hajiya, tashi. Uban Audu a ramin Sale yake kwance." Inna ta kama ta biyu, uwar Hawwa ta fito ta kama ta uku, Habboba ta kama ta huɗu, amma ƙarfinta bai kai ba, sai na yar da maficin na sa kafaɗata kusa da tata. A garinmu mace ba ta ɗaukar gawa, ba ta ma bin ta, tun da aka kafa unguwar ba a taɓa gani ba. Muka ɗaga. Ban taɓa sanin mutum siriri yana da nauyi haka ba, katakon ya nutse min a kafaɗa, ƙasa tana ƙona min tafin ƙafa. Ba mu yi taku ashirin ba sai ƙofofi suka fara bugawa, ana salati, ana cewa, "Subhanallahi! Mata da gawa a titi!" Baba ne ya fara isowa a guje ba takalmi, ya karɓe ƙafar gadon daga hannun uwarsa, sai Tanko, sai Isa, har suka kai tara. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai har yau. An tuna musu iyayensu ba su fito ba, an tuna musu 'ya'yansu ba su fito ba, tsoron Allah bai fito da su ba. Abin da ya fito da su shi ne kada unguwar gaba ta ji cewa matan Fallata sun kai gawa maƙabarta mazansu suna ɗaki.

Audu yana tsaye a ƙofar masallaci da littafi da alƙalami. Mu mata mun raka su har kwanar masallacin, don haka ina kusa lokacin da uwarsa ta tsaya a gabansa ta ce masa da Hausar da ya daina ji, "Fara da ni. Ladi. Ko in faɗa maka da Larabci?" Bai ɗago kai ba. Daga nan muka juyo, sauran labarin daga bakin Baba na ji shi. Ba malami ko ɗaya a cikinsu, don haka shi ya shiga gaba ya yi kabbara huɗu. Suka yaye langa-langan kabarin ajiya, wanda Baffa ya haƙa kwana biyar kafin ya kwanta, sai suka tarar ya gaza masa da taƙi guda, don ya haƙa shi ne daidai tsawon yawancin mutane. Maza tara suka rasa wanda ya iya ƙara ramin ciki ba tare da ya rushe gefen ba, suka yi ta fama har la'asar. Baba ya ce Tanko yana cikin ramin, gumi ya jiƙa shi, sai ya ɗago ya ce, "To yanzu mu wa zai haƙa mana?" Ka ji ta'aziyyar da unguwarmu ta yi wa Baffa Sale.

Audu ya cika alkawari. Takardun Baba suka ɓace daga jakarsa, aka sallame shi daga aiki, ya koma jan motar haya tsakanin Omdurman da Bahri. Katin sukarinmu ya tsaya, muka koma shan shayi da dabino a kunci. Ni kuma wani abu ya tsaya min a ciki wanda ban faɗa wa kowa ba. Na daina salla. Ina yin alwala, ina tsayawa bayan Inna, ina ruku'u ina sujada, amma bakina a rufe yake, ko Fatiha ba na karantawa. Lissafina na yarinya mai sauƙi ne: na roƙi Allah ya bari Baffa ya same shi, bai bari ba; ya bar Audu da lasifika da makulli; masu goshin salla suka ɓuya, mara salla ne ya haƙa musu. In Allah nasu ne, to su riƙe abinsu. A makaranta ina ɗaga yatsa tare da kowa, a zuciyata ina jin wani irin daɗi mai ɗaci cewa ni kaɗai na san ba kowa a sama. Baffa ya ce kada in ari rashin samunsa, ni kuwa ban ara ba, ɗauka na yi gaba ɗaya. Na fi shekara biyu a haka.

Habboba ce ta kama ni. Wata rana bayan la'asar muna zaune a kan tabarma, ta gama addu'arta, wadda kullum sai ta ambaci Sale da sunansa a ciki da ƙarfi, ko da taga a buɗe take. Ba ta dube ni ba ta ce, "Leɓɓanki ba sa motsi, Amna. Tun yaushe?" Na so in yi ƙarya, sai kawai abin ya ɓalle. Na ce tun ranar, na ce ni ba na son Allahn su Audu. Ta ajiye carbi ta ce, "Wa ya ce miki nasu ne? Sukari aka ba su su raba." Na ce to ta faɗa min gaskiya, Baffa yana wuta ko ba ya wuta. Ta ce, "Ban sani ba, kuma Audu ma bai sani ba. Ni dai wata tara na ɗauke shi, ya ƙi min salla shekara ashirin, ban iya hana shi shayi ko sau ɗaya ba. Yanzu ke so kike ki ce min na fi wanda ya halicce shi tausayi?" Ta ɗauki carbinta ta ce in tashi in duba randunan waje, tun safe ba a ƙara musu ruwa ba.

Ba a ranar na koma salla ba, ba kuma a shekarar ba. A hankali abin ya dawo, yau aya ɗaya, gobe in ƙi, jibi in yi Fatiha don ina son in sa sunan Baffa a bayanta. Ba wa'azi ne ya dawo da ni ba, kuma tsoron wuta bai taɓa kama ni ba tun daga ranar. Na koma ne don na ƙi yarda in bar wa masu makulli abin da tsohuwar nan ta fi su sani. Da ta rasu bayan shekara shida, a farin yadin kasuwa aka naɗe ta, kabarinta kuma ya ɗan karkace, don har lokacin ba a sami wanda ya iya ba.

Yanzu ina zaune a Kano, inda yaƙi ya koro mu, kuma a nan 'yar Sudan ake ce mini. Audu tuni ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar tun kafin a harba harsashin farko a layinmu. Kwanakin baya na sami Hawwa a waya, ta ce lokacin da wuta ta yi tsanani ba mai iya kaiwa maƙabarta, a tsakar gida da bakin titi aka yi ta binne mutane, mata da tsofaffi ne suke haƙawa da abin da suka samu. Ta ce akwai mutum biyu a ƙarƙashin darbejiyarmu, daidai inda Baffa yake saƙa, ɗaya ma ba a san sunansa ba, kuma ba wanda ya tsaya tambayar ko yana salla. Randunan sabil sun fashe, tantabarun sun watse. Nakan zauna bayan la'asar in ji kamar zan ji an ce, "Sale, an kira," in ji ƙarar takalmi a jikin bishiya. Ina sallata biyar, kuma a kowacce nakan ambaci sunan mutumin da bai yi ko ɗaya ba. Habboba ce ta bar min wannan aikin, kamar yadda ta bar min cika randa.